Masu sanin Cooperstown, ku ba mu shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Maigidana ya samu aiki a asibitin Bassett da ke Cooperstown a jihar New York, cikin watan Agusta za mu bi shi da yara uku in sha Allah. Da na duba taswira sai gabana ya faɗi, wurin ɗan mitsitsi ne, har an ce min ƙauye ne. Don Allah wanda ya san garin ya taimaka: gida, makarantar yara, masallaci, da inda ake samun naman halal.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, Hajiya. Shekara uku na yi a garin. Kada kalmar ƙauye ta tsorata ki, a jihar New York matsayi ne na doka, wato ƙaramin gari mai magajin gari da 'yan majalisarsa. Mutanensa ba su kai 2,000 ba, kuma fitilar ba da hannu guda ɗaya ce tak a duk garin, amma shi ne hedikwatar gundumar Otsego. Asibitin na koyarwa ne, yana da alaƙa da Jami'ar Columbia. A nan ne Dakta E. Donnall Thomas ya fara aikin dashen ɓargo a shekarun 1950, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1990. Maigida ya faɗa hannu mai kyau.

Maman Ilham: Alhamdulillah, Dakta, hankalina ya ɗan kwanta. To yaya aka yi wuri kamar wannan ya samu babban asibiti?

Baban Sadiq: Kin san keken ɗinki Singer da ke shagon kowane tela? Kuɗinsa ne. Edward Clark abokin kasuwancin Isaac Singer ne, kuma zuriyarsa a Cooperstown suka zuba dukiyarsu. Su suka gina asibitin da babban otal ɗin Otesaga na bakin tafki, ɗaya daga cikinsu, Stephen Clark, shi ya kafa gidan tarihin wasan besbol (wasan Amurkawa da ake buga ƙwallo da sanda) da aka buɗe a 1939. Har yau gidauniyarsu tana ba ɗaliban yankin tallafin karatun jami'a. Shi kansa garin William Cooper ne ya kafa shi a 1786.

Anti Nas: 'Yar'uwa, ki bar tarihi tukuna, ki fara da gida. Gida, gida, gida. Agusta lokaci ne mai wuya. Duk rani iyaye daga ko'ina a Amurka suna kawo yaransu gasar besbol a kudancin garin, masu gidaje da yawa sun gwammace su ba da haya mako-mako ga baƙi fiye da su ba ku na shekara. Ni sai da na yi wata biyu a ɗaki ɗaya da akwatuna a jere jikin bango, a kan ɗaya nake ɗora tukunyar lantarki in dafa shinkafa. Maigida ya tambayi ofishin ma'aikata tun yau ko suna da gidajen da suke ba sababbin likitoci. Kuma ku guji isowa ƙarshen Yuli, lokacin bikin karrama gwanayen besbol, dubun dubatar mutane ke cika garin, ko wurin ajiye mota babu.

Abu Hanifa na Bronx: Ni a ganina ku zauna Oneonta. Kilomita 35 ne kawai, tafiyar kamar rabin awa. Gari ne mafi girma, akwai manyan kantuna, ga jami'ar jiha da Kwalejin Hartwick, za ku ga baƙi irinku.

Anti Nas: Malam, rabin awa da rani ke nan. Ka tuna likita ne, za a kira shi ƙarfe biyun dare a watan Janairu, hanya duk ƙanƙara, ga barewa suna tsallakowa titi ba sallama. In an samu gida cikin Cooperstown ya fi, da ƙafa ma zai je aiki.

Abu Hanifa na Bronx: Gaskiyarki, ban yi wannan lissafin ba.

Maman Ilham: Makaranta fa? Ilham tana da shekara 13, ƙannenta 9 da 6.

Malama Uwar Biyu: A can makarantar gwamnati adireshin gida take bi, shi ya sa maganar gida ta zo farko. Cooperstown na da firamare ɗaya da sakandare ɗaya, kyauta ne, kuma ana komawa farkon Satumba. Ki riƙe takardar haihuwar kowane yaro, da sakamakonsu na baya, da takardar hayar gida. Abin da na fi so ki ji shi ne katin rigakafi. Jihar New York ba ta wasa da shi, tun 2019 ta soke uzurin addini. In akwai allurar da ta rage, a yi ta kafin ku taso. Ƙaramar makaranta ce, malamai za su san sunan yaranki cikin sati guda. Ki je da kanki ki yi musu bayanin abinci da ɗankwalin Ilham, sun fi girmama uwar da ta zo ta yi magana.

Baban Sadiq: Masallaci kuwa, mu Utica muke zuwa, kusan awa guda a mota ta arewa. Musulmin Bosniya da suka zo gudun hijira a shekarun 1990 suna da yawa a can, har sun sayi wata tsohuwar coci kusa da ofishin magajin gari suka mayar da ita masallaci. A can ake samun naman halal. Ku sayi firiza babba ku riƙa sayowa na wata guda. Albany, inda filin jirgi yake, awa ɗaya da rabi ne.

Abu Hanifa na Bronx: Daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya da garin tuwo kuma sai wajenmu. Awa huɗu ne zuwa unguwar Bronx a birnin New York, shagunan mutanen Gana da Nijar sun ishe ku. In za ku zo Sallah ku yi min magana a zaure.

Malama Uwar Biyu: Kada kuma a sa ta ɗauka duk wahala ce. Garin yana bakin tafkin Otsego ta kudu, tsawonsa ya haura kilomita 12, tuddai masu itatuwa sun kewaye shi. Ki kai yara ƙarshen titin River, ku sauka matakala zuwa bakin ruwa. A nan kogin Susquehanna yake fita daga tafkin, siriri, yaro zai jefa dutse ya tsallake shi, amma ruwan nan sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 kafin ya faɗa mashigin teku na Chesapeake. Yarana sun daɗe a tsaye suna kallon ganye ɗaya da ruwa ya ɗauka. A Oktoba tuddan nan ja da ruwan ɗorawa suke komawa. Akwai gidan tarihin manoma da gidan zane na Fenimore daf da juna, ga kasuwar manoma ranar Asabar.

Anti Nas: Abu na ƙarshe, ki koyi tuƙi kafin ki taso. Kayan sanyi kuma kada ki saya a gida, ba za su yi ba. A Disamba wajen huɗu da rabi ake Magariba, yara suna dawowa ba da jimawa ba duhu ya shiga.

Maman Ilham: Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Na tura wa maigida maganar gida yanzu. Gobe zan kai katin ƙaramin asibiti a duba, ina jin akwai allura ɗaya da bai yi ba.