A bar masu dirowa da lema su yi wasansu a filin jirgin Dutse?

Malam Sabo: Ni dai ina nan kan bakana, a bar su. In ka cire lokacin jigilar alhazai, jirage nawa ke sauka Dutse a yini? Wani ya kawo ƙaramin jirgi yana hawa da mutane suna dirowa da lema, NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ba ta da hujjar hana shi. A Amurka, filin da ya ci tallafin gwamnatin tarayya ba ya korar masu wannan wasa haka siddan, sai an nuna haɗarin ƙuru-ƙuru.

Hajiya Hadiza: Malam, ka ɗauko dokar Amurka ka bar rabinta a can. Ita ce ta ce in ƙasa da ƙafa 10,000 ne sai ido na kai mil 3, daga nan zuwa sama mil 5, kuma ba a ratsa gajimare. Ɗora wannan ma'auni kan Disamba da Janairunmu. Ranar da hazo ya sauka, duwatsun garin ma ɓacewa suke, alhali mai dirowa da ido yake neman wurin sauka.

Kawu Garba: Hazo ai mai sauƙi ne, ka gan shi ka zauna gida. Guguwar bazara ce abin tsoro. Lemar yanzu aljihuna gare ta, iska ke cika su ta miƙe kamar fiffike. Guguwa ta nannaɗe gefe ɗaya mutum na ƙafa 50 da ƙasa, to babu sauran tazarar da lema ta biyu, wato ta ko-ta-kwana, za ta buɗe. Kuma da tsakar rana take tashi, a fili fetal irin na filin jirgi.

Malam Sabo: Kawu, duk sharaɗi kuke lissafawa, ba hani ba. A ce da safe kawai, a bi hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ɗalibi kada ya diro in iska ta wuce mil 14 a awa. Shi ke nan.

Aliyu: Baba Sabo, a gafarce ni, titin jirgi kake kallo, masu ba da izini kuwa sama suke kallo, kuma saman a hannun NAMA take, hukumar kula da sararin samaniyar ƙasa. Ana dirowa daga ƙafa 10,000 zuwa 14,000, mutum na faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa. In malami ne goye da baƙo, wajen ƙafa 5,000 zai buɗe lema, sannan su yi kamar minti biyar suna shawagi. Duk tsawon nan ba sa ɗauke da na'urar da ke nuna jirgi ga masu hasumiya. Don haka sai an fitar da sanarwa ga matuƙa, matuƙin jirgin da ya ɗauko su ya nemi izini kafin a buɗe ƙofa, a kuma tabbatar na ƙarshe ya taka ƙasa. Ga Kano kusa, dole a duba hanyoyin jiragen da ke saukowa can.

Hajiya Hadiza: Ga lema ta biyu kuma. A Amurka duk kwana 180 ake kwance ta, mai takardar shaida ya sake naɗewa, ko ba a taɓa buɗe ta ba. Mai neman izini ya fara nuna wa zai yi masa wannan aiki.

Kawu Garba: Ku leƙa bayan shinge. Iska ta juya, mutum ya sauka a gona bayan girbi, kututturan karan dawa tsaye kamar tsinin mashi. Ga wayar lantarki, ga dabino, ga garken shanu da zai watse. In da damina ne ya tattake gero, wa zai biya? A zauna da dagatai tun kafin jirgi ya tashi.

Malam Sabo: Na yarda da zama da dagatai. Hanin ne ban yarda da shi ba.

Aliyu: To Baba, wane jirgi? Cessna 182 mutum huɗu take ɗauka, kuma man da take sha wuyar samu gare shi a ƙasar nan. Caravan na shan man manyan jirage, amma sai ka tara mutum goma sha wani abu kowane tashi kafin ta mai da kuɗinta. Daga ina za su zo duk Asabar?