Neman shawara: Kartaj zan kai gasar DBA ko rundunar Yammacin Sudan?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatu nake yi a Ingila, kuma kusan shekara guda ke nan duk daren Laraba ina zuwa wani kulob muna buga DBA, wasan nan na yaƙoƙin da can da ake yi da 'yan ƙananan sojojin dalma a kan tebur. Ga wanda bai san shi ba: kowa yana da katako 12, kowane katako faɗinsa milimita 40 da sojoji, yawanci biyu zuwa huɗu, a manne a kai, kuma wanda ya riga rasa huɗu shi aka ci. Nan da mako uku akwai gasa ta yini guda, wasa biyar, kowanne awa ɗaya, kuma rundunar da ka yi rajista da ita, da ita za ka ƙare.

Runduna biyu gare ni. Akwai ta Kartaj, tsohuwar daular nan ta Arewacin Afirka, ta zamanin sarkin yaƙinta Hannibal, da ita na koyi wasan, tana da giwa da 'yan mashi da dawakin Numidiya. Akwai kuma ta Yammacin Sudan, jerin da ya haɗa Mali da Songhai da Borno da ƙasar Hausa daga 1000 zuwa 1591. Wata huɗu na yi ina mata fenti, har dawakin lifidi na zauna na zana musu ɗinkin rigarsu layi-layi, ja da fari. Raina yana kanta ƙwarai. Sai dai sau uku kacal na buga da ita, biyu aka ci ni. Wasan ƙarshe 'yan takobin Rum ne suka tako a jere har gaban 'yan bakana, kafin minti 25 an kwashe min katako huɗu. Wacce zan ɗauka, kuma yaya zan jera ta?

Malam Bakatsine:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya same ka a lissafi yake. Ɗan baka ƙarfinsa, wato lambar da ake ƙarawa a kan abin da ɗan ludo ya bayar, 4 ne a gaban doki, amma 2 ne a gaban mai tafiya a ƙasa. Ɗan takobi kuwa 5 gare shi a kan 'yan ƙasa. Ka ga tun kafin a jefa ɗan ludo yana gabanka da uku, kuma da ya ninka ka katakonka ya tafi. Idan ya samu wani a gefenka ya rage maka ɗaya, to ka koma 1 a gaban 5. Ba wanda zai tsira a haka.

Ni dai da kai nake, da Kartaj zan tafi, don kawai hannunka ya saba da ita. A gasa agogo yana tafiya, ba lokacin buɗe littafin doka ba ne. Amma ka fara tambayo mana: wane irin runduna mutane suka saba kawowa wannan gasar?

Ɗan Damagaram:
Malam, a yi min afuwa, ban bi ka a nan ba. Kartaj ta fi wuyar riƙewa fiye da yadda ake zato. Kowane katako da irin tafiyarsa, giwa kuma sai ka ƙara mata ido ɗaya, cikin idanun ɗan ludo da ake kashewa wajen motsa katako, kafin ta motsa. Ranar da ɗan ludo ya ba ka 1 sau biyu a jere, rabin rundunar tsaye za ta yi tana kallo. Sannan in aka kora giwar baya, naka za ta taka. Hannibal ya ci Rumawa a yaƙin Kanne a 216 kafin haihuwar Annabi Isa ne da jan tsakiyarsa baya yayin da dawakinsa ke zagayawa, wannan kuwa aiki ne mai cin idanu da yawa a tebur.

Ɗan uwa, kai rundunar gida. Kuskurenka shi ne ka tsaya a fili kana jiran masu takobi. A cikin kurmi ko kan tudu mai wuyar hawa ana rage musu biyu, ɗan baka kuwa ba a rage masa komai. In kai ne mai tsaron gida, kai ke shimfiɗa ƙasa, to in jerin rundunarka ya ba ka kurmi, ka sa shi inda za su bi. Kuma kar kowa ya harbi na gabansa. Uku su haɗu a kan ɗaya, biyun da ke taimako kowanne yana rage wa abokin gaba ɗaya. Harbinka yana kai faɗin katako uku, wato santimita 12, saboda haka juyi ɗaya ko biyu gare ka kafin su iso. Ka yi amfani da su wajen fasa musu jeri, wanda ya ja baya ya bar ɗan uwansa ba kariya a gefe.

Bakanuwa:
Ni ba na buga wasan, tarihi ne ya kawo ni. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda haka dawakinka suna da asali. Shekarar 1591 ɗin ma ta yaƙin Tondibi ce, inda Songhai suka koro shanu a kan sojojin Maroko, ƙarar bindiga ta juyo da su kan masu su. Don Allah ka ɗauko mana hoton 'yan lifidin kusa-kusa. Ina son Turawan nan su ga rundunarmu a tebur su yi tambaya.

Ɗan Zazzau:
Na gode ƙwarai. Yaya Bakanuwa, hoto yana tafe da safe in akwai haske. Malam, na tambayi wani dattijo a kulob ɗin da ya je bara. Ya ce kowane zamani an yarda, amma yawanci rundunonin Turai na tsakiyar zamani ake kawowa, masu dawakin sulke, sai 'yan kaɗan masu Rum.

Malam Bakatsine:
To magana ta canja. In dawaki ne za su cika tebur, ɗauki ta gida, na janye. Amma ka ji wannan da kyau: duk mahayin da ya ci ɗan baka a gaba-da-gaba, ko da ɗaya ya fi shi, katakon ya mutu nan take. Saboda haka 'yan bakanka kafaɗa da kafaɗa, gefe ɗaya ya jingina da kurmi, ɗaya gefen dawakinka su rufe. Rukuni biyu kawai za ka yi, don ko ɗan ludo ya ba ka 2 kowa ya motsa.

Sarkin yaƙinka kuma ka ja masa linzami. Yana da ƙarin ɗaya a faɗa, shi ke ruɗin mutum ya tura shi gaba, amma in ya faɗi biyu ake ƙirga maka, rabin wasa ke nan. Ka riƙe shi bayan jeri har sai harbi ya buɗe ƙofa. Sansani ma kar a bar shi ba mai gadi, dawaki masu sauri suna zagayowa su cinye shi, a ƙirga maka shi cikin katakon da ka rasa.

Laraba uku suka rage maka. Ka roƙi mai Rum ɗin nan ya sake zama da kai, ku ajiye agogo awa ɗaya, ka gwada kurmin da Ɗan Damagaram ya faɗa. Ranar Alhamis ka zo ka gaya mana a juyi na nawa suka iso jerinka, kuma nawa suka iso.