Taƙaitawa: Gano mai da sinadaran wanki a na'urar bakum ta hanyar RGA

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan yadda ake gane mai ko sinadarin wanki da ya gurɓata na'urar bakum (wadda ake zuƙe iskar cikinta). RGA kuwa na'ura ce mai tantance ragowar iskar da ke ciki bisa nauyin ƙwayoyinta, kuma lambobin da ke ƙasa su ne nauyin da take nunawa.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kada a kunna RGA sai matsin ya sauka ƙasa da 10⁻⁴ mbar (ma'aunin matsin iska), in ba haka ba zaren wutarta zai lalace.
2. Man famfo yana fitowa rukuni-rukuni: 41 da 43, sai 55 da 57, sai 69 da 71, tazarar 14 tsakaninsu, wato nauyin CH₂. Man Fomblin (wani nau'in man famfo mai sinadarin fulorin) kuwa 69 ke yin tsini, tare da 119.
3. Sinadaran wanki. Asiton: 43 da 58. Isofurofil: 45. Etanol: 31, 45, 46. Nan ake yawan ruɗewa, domin 43 na asiton ne kuma na mai ne. A duba 58 (asiton) da 57 (mai) kafin a yanke hukunci.
4. Sinadarin wanki yakan ragu in ana ci gaba da zuƙe iska. Mai ba ya tafiya da sauƙi, yakan ma ƙaru in an ɗumama bututu.
5. In 28 (naitirojin) ya kai kusan ninki huɗu na 32 (oksijin), ga 40 (agon) kuma, yoyon iska ne.

Inda aka rabu: in an ga mai, wasu sun ce a gasa na'urar bakum ɗin a digiri 150 zuwa 200 don a kore shi, wasu suka dage sai an kwance an wanke tukuna, don zafi na iya yaɗa man ko'ina. Ni ina tare da na biyun.

Haka batun famfo: wasu na ganin tarkon mai a bututu ya isa, wasu sun fi son busasshen famfo (wanda ba ya amfani da mai) duk da tsadarsa.