Karaya kusa da wuyan hannu: ko za ta hana ƙashin yaro tsawo?

Mai tambaya, Argungu: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 11 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya karye dab da wuyan hannu, kuma mai ɗori ya ɗaure masa da karare. Wani maƙwabcina ya ce hannun zai iya gajarcewa. Shin gaskiya ne?

Amsa, Gusau: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba shi lafiya. Maganar tana da tushe. Dogayen ƙasusuwan yara suna ƙara tsawo ne daga wani faifan guringuntsi da ke kusa da ƙarshensu, kuma tunda wurin bai kai sauran ƙashin ƙwari ba, nan ne yakan fi saurin karyewa. Idan ya lalace, ƙashin na iya daina tsawo ko ya karkace. A kai shi a ɗauki hoton ƙashi.

Amsa, Yawuri: Yallaɓai, a kwantar da hankali, galibin irin wannan karaya na warkewa sumul, domin ƙashin yaro ya fi na babba saurin haɗewa. Sai dai a duba yatsunsa yau ɗin nan: idan sun kumbura, sun yi sanyi ko ba ya jin taɓawa, ɗaurin ya matse jini, a garzaya asibiti.