Kashi 5 cikin 100: doka ce ko takarda?

Auwalu Gwale: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Yau na je ganawar ɗaukar aiki a wata ma'aikatar gwamnati, aka ce a hawa na biyu ake yi. Ba lif, ba gangaren keke. Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara 3, a keken guragu nake yawo. Masu gadi biyu suka sungume ni kamar buhun masara a gaban jama'a. Ina shiga, tambayar farko: "Malam, anya za ka iya zuwa aiki kullum?" Takardar digirina ko kallonta ba a yi ba. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a ba nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Wallahi dokar nan takarda ce kawai.

Hajiya Maman Ummi: Allah ya huci zuciyarka, ɗana. Amma don Allah ka bar cewa "nakasassu". Masu buƙata ta musamman ake cewa yanzu.

Auwalu Gwale: Hajiya, ni ne fa a kan keken.

Malam Ibrahim: Hajiya, kowa ma mai buƙata ne. Nakasa Hausa ce tsantsa. Garuruwanmu akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, da rawaninsu, ba wanda ya ɗauki sunan zagi. Tsawaita suna ba ya rage matakalar bene.

Zainabu: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Ƙanena kurma ne, ɗinki yake yi, hannunsa ya fi na masu ji. Amma har yau "beben gidan su Zainabu" ake ce masa, sunansa ya ɓace. Da an ce nakasasshe, abin da ke zuwa ran mutum shi ne ya laluba aljihu ya ba da sadaka. Wa zai ba ka aiki alhali kallon mabaraci yake maka?

Ɗan Kasuwa: Gaskiya ɗaya ce, su ma su rage bara. Ka tsaya a danja ka gani.

Zainabu: Ka taɓa ɗaukar ɗaya a shagonka ya ƙi?

Ɗan Kasuwa: Shagona ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ƙanwata.

Barista Nura: Yaya Auwalu, akwai inda dokar ta yi laushi. Kashi 5 ɗin nan hukumomin gwamnati kaɗai ya hau, kuma cewa aka yi su cika shi gwargwadon iko. Nan shugabannin ma'aikatu ke fakewa. Amma nuna wariya saboda nakasa laifi ne: mutum tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kamfani naira miliyan 1. Akwai kuma hukumar masu nakasa ta ƙasa a Abuja, tun 2020 take aiki. Ka rubuta abin da ya faru yau da kwanan wata.

Sadiƙu Na-Baba: Ko ba komai Baba Buhari ya yi nasa. Majalisa ta amince da ƙudirin a zamanin Jonathan, bai sa hannu ba.

Ɗan Kasuwa: Wata guda kafin zaɓen Fabrairun 2019 ya sa hannun. Ƙuri'a ake nema, malam.

Sadiƙu Na-Baba: Naku gwanin me ya hana shi neman ƙuri'ar da alheri?

Hajiya Maman Ummi: Barista ma ka ji ya ce "masu nakasa". Haba Barista, ɗana, kai da ka yi karatu!

Malam Ibrahim: Hajiya, shi ne daidai. Ki bar shi.

Sadiƙu Na-Baba: A matsayina na mai kula da zauren nan, ga abin da aka tsayar: doka tana da kyau, wanda ya sa mata hannu ya cancanci addu'a, laifin na waɗanda suka zo daga baya ne. Kuma daga yau masu buƙata ta musamman za mu riƙa cewa, kamar yadda Hajiya ta faɗa.

Malam Ibrahim: Wa ya tsayar? Ni ban amince ba.

Auwalu Gwale: Barista, ranka ya daɗe, takardar koken wa zan fara kai wa, hukumar ko kotu? Ranar Litinin za su fitar da sunaye.