Neman kalma: me za mu kira "self-advocacy" da Hausa?

Jama'a, ku zo mu yi shawara. Masu otizim, wanda kafafen labarai kan kira galahanga, da sauran waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta hanyar da ta bambanta da ta yawancin mutane, suna da wani abu mai muhimmanci da Turawa ke kira "self-advocacy", wato mutum ya bayyana bukatunsa ya nemi haƙƙinsa da kansa. Ya kamata a ce yana da suna a bakinmu.

Ga yadda abin yake a gaban likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya. Mutum ya ce: "Likita, hasken nan yana damuna, don Allah a rage." Ko ya ce: "Kada a matsa mini sai na kalli ido, na fi fahimta in ina kallon ƙasa." Ko kuma: "Kaɗa hannun da nake yi shi ke kwantar mini da hankali. Rashin barci ne ya kawo ni, a kansa nake so mu yi aiki." Wani ma ya nemi a ba shi tambayoyin a rubuce tun kafin ranar zama.

Tafiyar ta daɗe. Masu naƙasar fahimta sun fara ta a Suwidin a ƙarshen shekarun 1960, aka kafa ƙungiyarsu mai suna People First a jihar Oregon ta Amurka a 1974. Jim Sinclair da abokansa masu otizim suka kafa ƙungiyar Autism Network International a 1992, sannan Ari Ne'eman da Scott Robertson suka kafa wata ƙungiyar masu otizim, Autistic Self Advocacy Network (ASAN), a 2006. Kiransu ɗaya ne: kada a yanke komai a kanmu ba tare da mu ba.

To, kalmomin da ke gabanmu.

"Kare kai" bai yi ba. Sai ka ce wanda ake tuhuma a kotu. "Cin gashin kai" kuwa ya yi nisa, don mai neman a rage haske bai ce ba ya bukatar taimako ba.

"Magana da yawun kai" ta ja hankalina sosai. Mun saba da mai magana da yawun gwamna, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma akwai masu otizim da yawa da ba sa magana da baki. Wasu da allon hotuna suke isar da saƙo, wasu da rubutu a waya, wani ture hannunka kawai zai yi, kuma wannan ma "a'a" ce cikakkiya. Kalmar da ta jingina da baki za ta bar su a waje, alhali su aka fi yanke wa hukunci ba a tambaye su ba.

Shi ya sa na zaɓi "tsaya wa kai". Muna cewa "wane ya tsaya mini", "wa zai tsaya wa maraya?" Babu faɗa a ciki, babu sharaɗin murya. Tana kuma da sauƙin sarrafawa: ta tsaya wa kanta, masu tsaya wa kansu, koya wa yaro tsaya wa kansa. Ba ta kore iyaye ba, don uwa na iya tsaya wa ɗanta yayin da yake koyon tsaya wa kansa.

Abin da na fi so a cikinta shi ne ta raba lamarin da rashin kunya. A wajenmu musa wa likita ko babba abu ne mai nauyi, kuma yaron da ya ce "wannan yana cutar da ni" nan da nan ake kiransa mai taurin kai.

Masu otizim da ke karanta wannan, ku ne da zaɓin ƙarshe. Ta zauna muku, ko kuna da wadda ta fi ta?