Motata tana layi idan na wuce 140, ku taimaka min da shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, masana mota. Wata matsala ce ta hana ni sakat, na ce bari in kawo ta gabanku kafin in ci gaba da zubar da kuɗi a kan canke. Motar tsere ce mai ƙofa biyu, inji a gaba, ƙafar baya ke ja, ta ci kusan kilomita 130,000. Ƙasa da kilomita 120 a awa lafiya lau take. Amma da na kai ta filin gwajin gudu, ina wuce 140 sai ta fara layi. Ba karkarwa ba ce, sitiyari ba ya jijjiga min hannu. Ji nake kamar bayanta na son bin wata hanya daban, sai in yi ta gyara sitiyari kaɗan-kaɗan, dama, hagu, dama. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lokacin da na ɗage ƙafa daga totur a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya: gindin motar ya zille dama har gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Wata huɗu da suka wuce na sa mata gajerun sifirin don ta ƙara kwanciya, na kuma canza tayoyin baya biyu, na gaba tsofaffi ne. An yi balansin sau biyu, ba ta sauya zani ba. Wani ya ce in sayi babban fiffike na baya, wani ya ce rak ɗin sitiyari ne. Daga ina zan fara?

Mai aikin taya:
Wa alaikumus salam, yallaɓai. Bar batun balansin haka nan. Rashin balansin jijjiga yake kawowa, galibi wajen 90 zuwa 110, kuma kai ka ce babu jijjiga. Fara da abin da ba zai ci maka ko sisi ba: auna iska da safe kafin motar ta motsa, ka gwada da adadin da ke jikin takardar da aka manna a bakin ƙofar direba, ba wanda ke rubuce a jikin taya ba, wancan iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Sai ka tsuguna ka karanta gefen kowace taya. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin rubutun da ya fara da haruffan DOT sati ne da shekarar da aka ƙera tayar, misali 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. Duba harafin gudu kuma, wanda ke nuna iyakar gudun da taya za ta jure: H na kilomita 210 a awa ne, V na 240, W na 270, Y na 300. Sabbin na baya kamfani ɗaya ne da na gaba? Idan gefen na baya ya fi laushi, ga sabon zane mai zurfi da ke lanƙwasawa, gaba zai amsa sitiyari nan take, baya ya biyo a makare. Wannan kaɗai yana sa mota lilo.

Mai tambaya:
Ba kamfani ɗaya ba ne. Na gaba 1418 aka rubuta, kuma na tarar da tayar baya ta hagu ta gaza ta dama iska kaɗan.

Tsohon bakanike:
Ɗana, akwai tambayar da ba ka amsa ba domin ba a yi maka ita ba. Da aka sa gajerun sifirin, an hau da motar na'urar saitin ƙafa? Ƙafa huɗu nake nufi, ba na gaba kaɗai ba.

Mai tambaya:
A'a Baba. Wanda ya yi aikin ya ce tunda ba a taɓa tayirod ba, babu buƙata.

Tsohon bakanike:
To, nan gizo ke saƙa. Duk lokacin da ka sauke mota ƙasa, hannuwan ƙafa sun canza kwana, tayoyi sun ƙara kwantawa ciki ta sama, kuma inda hancinsu ke kallo ya gusa. A irin motarka ana son tayoyin baya su ɗan kalli ciki, ɗan ƙiris da ido ba ya gani, shi ke riƙe gindi a kan miƙaƙƙiyar hanya. Idan ɗaya ta koma kallon waje, to baya ya zama mai tuƙin kansa. A 80 ba za ka ji ba. A 140 kuwa mota na cin kusan mita 39 a daƙiƙa ɗaya, ƙaramin kuskure ya zama babba kafin hannunka ya kai gare shi.

Amma maganar da ta fi tsaya min a rai ita ce zillewar nan idan ka ɗage ƙafa. Saitin da ya karkace a karkace yake kullum, ko ka taka ko ka saki. Abin da ke canza hali tsakanin takawa da sakewa, wannan wasa ne a ƙafa. Idan ka taka totur, taya tana tura hannun ƙafa gaba; ka saki, inji ya riƙe ta, ta ja shi baya. Bushin, wato robar da ke mahaɗar hannun ƙafa, idan yana da lafiya ba ya barin ta motsa. Wanda ya mutu kuwa sai ya bar taya ta juya hanci. Ga shi kuma ɗage ƙafa na kwashe nauyi daga baya ya kai gaba, a daidai lokacin da baya ya fi buƙatarsa. Ka ɗaga motar, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, idan da wasa ka zargi boris ko bol joyin. Ka kama ta dama da hagu, wannan na tayirod ne da hannun saiti. Kada ka tsaya nan: sa ƙarfen banƙara a kowane bushin na baya, ka haska fitila. Sau da yawa robar a ido lafiya take, sai an matsa ta tsagar ke buɗe baki. Ka kuma shafa jikin shokozoba ka ga ko mai na tsatsa. A wannan tafiyar da ta yi, tsohon shokozoba da gajeren sifirin mai tauri ba sa jituwa.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai ina ganin kada a raina maganar fiffike. Ƙarfin iska na ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, wato abin da ke ɗaga mota a 160 ya ninka na 80 sau huɗu. Ku tuna Audi TT na farko da ya fito a 1998. Bayan haɗurra a babban gudu, kamfanin ya janye motocin ya ƙara musu ɗan fiffike a baya, da na'urar ESP mai taimakawa wajen hana mota zillewa, ya kuma gyara ƙafa.

Tsohon bakanike:
Gaskiya ka faɗa, amma waccan haka aka ƙera ta tun asali. Wannan kuwa da lafiyarta kafin a taɓa ta. Idan iska ake zargi, ya leƙa ƙasa ya ga ko faifan robar da ke rufe cikin motar yana nan, ko ya yage yana reto, ya kuma auna ko sifirin sun bar gaba sama da baya. Ɗora fiffike a kan mataccen bushin rufe ciwo ne da riga.

Wata 'yar'uwa mai shiga filin tsere:
Malam, roƙo biyu gare ni. Kada ka canza abu uku rana ɗaya, in ta warke ba za ka san me ya warkar da ita ba. Kuma don Allah kada ka gwada ta a titin da mutane ke bi. A fili ma ka hau a hankali, 110, 120, 130. Idan ta fara layi, kada ka fizge ƙafa daga totur ko ka danne birki, sassauta a hankali, ido can nesa, hannu biyu a sitiyari ba tare da ƙanƙamewa ba.

Mai tambaya:
Na dawo da labari. Baba, ka yi gaskiya. Da muka sa ƙarfe a hannun saitin ƙafar baya ta dama, robar ta rabu da ƙarfenta, da idona na ga tayar ta juya. Na'ura ta nuna wannan tayar tana kallon waje, ta hagu tana ciki. Mun canza na gefe biyun, aka saita ƙafa huɗu da ni zaune a kujerar direba. Na kai 150 a fili, na ɗage ƙafa, gindi bai motsa ba. Saura ɗan lilo idan ta hau tudu. Allah ya saka muku da alheri.

Tsohon bakanike:
Amin, madalla. Lilon tudu na shokozoba ne. Amma fara sauke tayoyin 2018 ɗin nan ka sa irin na baya, ka sake gwadawa, sannan ka dawo mu yi maganar wanda zai dace da sifirin ɗinka.